Amsa ga 'yar'uwar da aka dakatar musu da aiki a Kolofata

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an tsayar muku da aikin kula da yara masu tamowa a ƙauyukan Kolofata da ke arewacin Kamaru saboda hare-haren da ake kaiwa a hanya, an ce muku na ɗan lokaci ne, kina tambaya ko ki jira ko ki nemi wani aikin, da abin da za ki faɗa wa iyayen yara. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don mu ma mun sha wannan a 2022, sai dai mu ruwa ne ya tsayar da mu, lokacin da kogin Logon da Shari suka cika suka shiga unguwannin Kusseri, wasu ƙauyukan kuma ba a isa sai da kwalekwale.

Ni ban ga laifin dakatarwar ba. Ran direba da na ma'aikaci ba abin wasa ba ne. Abin da har yau bai bar raina ba shi ne yadda shugaban aikinmu ya yi. Cikin dare ya turo saƙon murya a WhatsApp, washegari yana hanyar Marwa, makullin ɗakin ajiya a aljihunsa, katan-katan na gyaɗar tamowa, abincin maganin da ake ba yaran, a kulle. Ba wanda ya sanar da mutanen gari. Ranar rabo mata suka zo, wasu sun keto ruwa har ƙugu da goyo a baya. Ni suka sani, ni suka tare. Wata baiwar Allah ta miƙo min hannun ɗanta, na auna, igiyar awon damtse ta tsaya a ja, alamar tamowa mai tsanani, ga maganin bayan ƙofa, ba ni da iko da shi. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "To ɗana, yaushe zan dawo?" Na yi ta kiran mutumin nan, wayarsa na shiga, ba ya ɗauka. Da aka zo buɗe ɗakin, ruwa ya riga ya jiƙa katan-katan na ƙasa. Allah ya isa.

Don haka kada ki ɓace musu shiru. Ki sanar da bulama da liman ta bakin wanda kika yarda da shi, amma kada ki yanka musu ranar dawowa, tunda ba a hannunki take ba. Yaron da aka katse masa magani a tsakiya yakan koma gidan jiya, saboda haka ki matsa wa ofishinku su miƙa sunayen yaran da sauran kayan ga asibitin gwamnati mafi kusa. Mai kumburin ƙafa ko wanda ya daina cin abinci, a kai shi asibitin Kolofata ko Mora, kada a jira ku. Kuma don Allah kada tausayi ya sa ki hau babur ke kaɗai da rigar ƙungiya.

Maganar jira kuwa, ki nemi takarda. Su rubuta miki: dakatar da kwantiragi aka yi ko sokewa, albashi zai ci gaba ko a'a. Mu da baki aka ce mu yi haƙuri, har bashin mai shago da kuɗin haya suka taru min, mai gidan haya ya fara aiko yaro da sassafe. Ki tuna a Janairun 2025 Amurka kwana 90 ta ce za ta tsayar da kuɗin agaji, ayyuka da yawa har yau ba su dawo ba. Ki fara neman wani aikin tun yanzu, ba cin amana ba ne. Sunayen yaran suna hannunki, ko suna kwamfutar ofis? In suna can, ki kwafe su a littafi tun ba a kulle ba.