Wuni Ɗaya a Dakar: Tsibirin Gore Ko Yawon Gari?

Saƙonnin wannan makon duk hanya ɗaya suka nufa. Masu niyyar ziyarar Madina Baye da ke Kaulaha ta ƙasar Senegal sun fara haɗa kaya, kuma da yawansu za su kwana a Dakar kafin su kamo hanyar gida. Na zaɓi uku daga ciki.

"Salamu alaikum Malam. Ni da mahaifiyata za mu je ziyara Madina Baye. A dawowa muna da wuni guda cur a Dakar. Mai shirya mana tafiya ya ce in ƙara kuɗi ya haɗa mana yawon kasuwa da cikin gari da tsibirin Gore, duk a ranar. In biya ko mu je da kanmu? Hajiya ta haura sittin, kuma ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba." Daga Tudun Wada.

Wa alaikumus salam. Allah ya karɓi ziyara, ya saka maka da alheri kan hidimar Hajiya. Shawarata, kada ka biya kuɗin haɗakar nan. Ku ware wunin gaba ɗaya ku ba Gore shi kaɗai.

Ga dalilina. Zuwana na farko a cikin ayari na je, wani ɗan rakiya yana gaba yana ta duba agogo. Ya shigar da mu gida ɗaya, ya fito da mu, ya tsayar da mu gaban rumfar wani abokinsa mai sayar da sarƙoƙi, sai ga mu a jirgi muna komawa. Na dawo Kaduna ina cewa na je Gore, alhali ban ga komai ba. Sai a zuwa na biyu, da na shiga jirgin safe ni kaɗai, na gane abin da aka hana ni.

Tsibirin ƙarami ne ƙwarai. Tsawonsa kamar mita 900, faɗinsa kamar mita 350, kuma kilomita uku ne kacal daga tashar jiragen ruwan Dakar. Babu mota a cikinsa, babu ƙarar hon. Mutumin da ya saba da hayaniyar Kasuwar Bacci ko cunkoson Kawo, minti goman farko kunnensa zai riƙa neman abin da ya ɓace. Lunguna ne na yashi, gidaje masu fenti ja da rawaya, furanni sun leƙo ta kan katanga, yara na buga ƙwallo a ƙarƙashin bishiyar kuka. Wannan shirun shi ne rabin abin da ka je nema, kuma ba a samunsa da gaggawa.

Batun jirgi, ka kwantar wa Hajiya da hankali. Ba kwalekwale ba ne irin wanda ake fito da shi a Kogin Kaduna. Babban jirgi ne mai inji da kujeru da rufi, shi mutanen tsibirin ke hawa kullum zuwa aiki da kasuwa, kuma tafiyar ba ta wuce minti ashirin. Ku zauna a ƙasa, wajen tsakiya, nan ne ba a jin tangaɗi sosai. Ta karya da abu mara maiƙo, ta riƙe 'yar citta ko lemon tsami. Ku tafi da fasfo ɗinku, domin ana dubawa, kuma kuɗin tikiti hawa-hawa ne: na 'yan ƙasa daban, na sauran 'yan Afirka daban, na Turawa ya fi tsada. In ba ka nuna takarda ba, kana iya biyan kuɗin da ba naka ba. Tikitin zuwa da dawowa ne, ka adana shi. Kana sauka ka fara duba lokutan jiragen komawa, ka kuma gyara agogonka, don Senegal tana bayanmu da awa ɗaya.

Ku fara da Gidan Bayi tun kafin 'yan makaranta da ayarin baƙi su cika shi. An gina shi wajen 1776, aka mai da shi gidan tarihi a 1962, kuma marigayi Boubacar Joseph Ndiaye ne ya shafe shekaru yana kula da shi har sunansa ya zagaye duniya. Benen sama mazaunin masu gida ne, mai iska da tagogi. Ƙasa kuwa ɗakuna ne ƙanana masu duhu inda ake tsare mutane, maza daban, mata daban, yara daban. A ƙarshen wani siririn zaure akwai ƙofa da ta buɗe kai tsaye kan teku, ita ake kira ƙofar da ba a dawowa. Nelson Mandela ya zo nan a 1991, Barack Obama a 2013, kuma tun 1978 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya.

Gaskiya ɗaya da ya kamata ka sani: masana tarihi da dama sun nuna cewa yawancin bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ba ta Gore aka fitar da su ba. 'Yan uwanmu Hausawa da suka tsinci kansu a Bahiya ta ƙasar Barazil, waɗanda suka shiga tawayen bayi a farkon ƙarni na 19, galibinsu ta gaɓar Ikko da Badagiri da Wida ta Jamhuriyar Benin ta yau aka ɗauke su. Wannan bai rage wa gidan komai ba a wurina. Da na tsaya a ɗakin yara, jikoki na tuna, kuma sai da na fita waje na zauna kafin ƙafata ta dawo daidai. Ka ba Hajiya lokaci a nan. In ta yi shiru, ka bar ta da shirunta.

Ɗan rakiya fa? Ka ɗauka, amma na awa ɗaya, kuma a can bakin tashar tsibirin, ba daga otal ba. Nemi mai katin shaida a wuya, wanda ke jin Turancin Ingilishi, tunda bayanin cikin gidan yawanci da Faransanci ake yi. Ku gama ciniki kafin ku ɗaga ƙafa. Bayan nan ku sallame shi, tsibirin da za ka ratsa a minti ashirin ba ya ɓatar da kowa.

Azahar ku yi ta a tsohon masallacin Gore, wanda aka gina da dutse a ƙarshen ƙarni na 19. Yana gindin tudu, dab da ruwa, kana sujada kana jin igiyar ruwa na dukan duwatsu. Tudun da ke samansa, inda Faransawa suka bar manyan igwa, yana da ɗan wahalar hawa. In gwiwar Hajiya ba ta yarda ba, ta huta a inuwa kai ka hau, daga can za ka hango Dakar gaba ɗayanta. A ɗaya kan tsibirin akwai tsohuwar ganuwar soja mai zagaye da aka mayar gidan tarihin Senegal. Abu ɗaya dai: gidajen tarihin nan galibi a rufe suke ranar Litinin. In wunin naku ya faɗo a kanta, to, ku sauya tsarin kwanakin tun yanzu.

"Anti ce za ta kai mu, mu uku. Sai na sayi takalmin yawo irin na Turawa da sabbin kaya?" Daga Barnawa.

'Yata, riƙe kuɗinki. Sabon takalmi a ranar doguwar tafiya kanta yake jawowa. Ɗauki tsohon flat ɗinki da ƙafa ta saba da shi, mai rufin baya, don akwai yashi da duwatsu. Abayarki ko atamfarki ta isa, Dakar garin Musulmi ne. Abin da za ki saya bai wuce biyu ba: fil ɗin kama mayafi, saboda iskar teku ba ta da kunya, da 'yar rigar sanyi in tsakanin Disamba da Fabrairu za ku je. Ki cika wayarki da caji tun daga masauki, ki riƙe gorar ruwa.

"Wace tsaraba ta cancanci a saya a tsibirin, kuma da wane kuɗi zan tafi?" Daga Rigasa.

Sefa za ka riƙe, Alhaji, amma ka lura da wacce 'yan canji suka ba ka. Ta Nijar ita ce ta Senegal, tana ci har Gore. Ta Kamaru da Chadi kuwa daban ce, mai rumfa ba zai karɓa ba. Ka nemi ƙananan takardu, domin rashin canji na sa mutum ya sayi abin da bai yi niyya ba.

Akwai abin da zai yi maka daɗi: mutanen Senegal masu yaren Wolof ma da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi, kamar yadda 'yan uwanmu na Maraɗi ke ƙirgawa da dala. In ciniki ya rikice, ka miƙa wa mai kaya wayarka ya rubuta adadin, sannan ka taya.

Yadi da turare da takalma, bar su sai ka koma Dakar, sun fi araha a kasuwannin cikin gari. Abin da na ga ya cancanci kuɗinsa a tsibirin shi ne zanen yashi. Masu yin sa na shafa danƙo a kan katako, su barbaɗa yashi kala-kala, su karkaɗe, sai hoto ya fito a gaban idonka. Sayi ƙarami wanda zai kwanta a tsakiyar akwati tsakanin tufafi, kuma daga hannun wanda ka ga yana yi. Akwai masu zanen kwalekwale da bishiyar kuka da gidaje, ga wanda ba ya son hoton mai rai a ɗakinsa.

Matan da ke sayar da sarƙa tun a jirgi za su gaya maka sunansu, su ce ka tuna da su. In ka ce "sai na dawo", za su jira ka, kuma za su gane ka. In ba ka da niyya, ka ce a'a cikin fara'a tun farko.

Sauran kuɗin ka kashe shi a kan abinci. Akwai gidajen cin abinci a jere kusa da inda jirgi ke tsayawa. Ka nemi cebujen, dafa-dukan shinkafa da kifi da kayan lambu, ka tambayi farashi kafin a zuba. In an kawo maka bisap kada sunan ya ruɗe ka, zoɓo ne. Buy kuma ruwan ƙwame ne, na 'ya'yan kukar nan tamu, sai dai nasu ya fi kauri, sukan sa madara.