Tambaya da Amsa: Ƙwallon Kwando a Jami'o'in Amurka

Tambaya: Malam, me ya sa 'yan ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka suke yin shekara ɗaya su gudu NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka?

Amsa: Ɗan'uwa, dokar NBA ce ta jawo, tun 2006 sai in za ka cika shekara 19 a cikin shekarar ɗaukar, kuma ka shekara da gama sakandare kafin a ɗauke ka, shi ya sa Zion Williamson ya yi shekara ɗaya a jami'ar Duke ya wuce NBA a 2019. Ni dai abin yana damuna wallahi, mutum kusan 60 kawai ake ɗauka a shekara, yaro ya bar karatu ya zauna da iyayensa gaban talabijin har a gama kiran sunayen waɗanda aka ɗauka ba a ambace shi ba. Amma tun 2021 an bar su su karɓi kuɗin talla suna makaranta, shi ya sa wasu ke haƙuri su ƙara shekara.