Idan aka ci zarafin ɗaliba a jami'a, wa zai bi mata hakkinta?

Tambaya: 'Yata ta samu gurbin karatu a jami'a, kuma a ɗakin kwanan ɗalibai za ta zauna. Labaran fyaɗe da na malamai masu neman ɗalibansu sun hana ni barci. Idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, me jami'a take yi? Za ta sanar da mu iyaye? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa ta shiga a sa'a. Kada ki sa rai jami'a za ta kira ki. A wurinta ɗaliba baliga ce mai tafiyar da al'amuranta, don haka in labari zai iso miki, daga bakin 'yarki zai fito.

A yawancin jami'o'in Najeriya ɗaliba takan kai ƙorafi a rubuce ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen tsaro. In wanda ake zargi ɗalibi ne, sai ya gurfana gaban kwamitin ladabtar da ɗalibai. In malami ne, kwamitin ma'aikata ke bincike, majalisar gudanarwar jami'a kuma ita ke da ikon sallamarsa. Iyakar hukuncinsu ke nan: dakatarwa ko kora. Jami'a ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa. Fyaɗe kuwa babban laifi ne a dokar ƙasa, aikin 'yan sanda ne da alƙali, kuma kai ƙara makaranta bai hana a kai wa hukuma.

Matsalar tana cikin kwamitin kansa. Masu zaman abokan aikin wanda ake tuhuma ne, jami'a tana kishin sunanta, shi kuma malamin sau da yawa takardar jarrabawar yarinyar tana hannunsa. Shi ya sa maganar baki kaɗai ba kasafai take kai ɗaliba gaci ba. A 2018 wani faifan murya ya bazu, wanda a cikinsa wata ɗalibar Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Monica Osagie, ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele a waya yana neman ta kwana da shi kafin ya gyara mata maki. Jami'ar ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta maka shi kotu, a Disambar shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu. A Oktoban 2019 binciken ɓoye na BBC da Kiki Mordi ta gabatar ya sa Jami'ar Legas ta dakatar da malamai biyu, ta sallame su a 2021. Duk biyun, hujjar da ba ta musantuwa ce ta motsa hukumomi. Wannan yana ƙona min rai, domin yarinyar da aka rutsa da ita a ofis ko a lungu da wuya ta tuna da waya.

Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin hana cin zarafin ɗalibai a manyan makarantu a Yulin 2020, amma Buhari ya bar mulki bai sa masa hannu ba.

In abin ya kai ga fyaɗe, asibiti ne farko kafin kowane ofis. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana biyar. In za ta iya, kada ta yi wanka ko ta wanke tufafin kafin likita ya duba ta. Akwai cibiyar Waraka a Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna, don irin wannan aka buɗe su. Ta adana duk saƙon waya, ta rubuta rana da wuri, kuma duk takardar ƙorafin da ta miƙa a sa mata hatimi a kwafinta.

Babban aikin naku ne, Hajiya. Yaranmu da yawa suna shiru ne don tsoron gida fiye da tsoron malamin. Sun san tambayar farko ita ce "me ya kai ki ofishinsa?", sannan a cire su daga makaranta a nemi miji da sunan rufin asiri. Ki zaunar da ita tun kafin ta ɗaure kaya, ke da mahaifinta, ku faɗa mata ƙarara cewa in wani ya taɓa ta ko ya tsorata ta da maki, laifin nasa ne, kuma karatunta ba zai tsaya ba. In aka aiko dattawa neman sulhu, kada ku sa hannu a komai sai kun ga lauya; ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimakawa a irin wannan. Ranar rajista ku karɓi littafin dokokin ɗalibai, ku tambayi ofishin da ke karɓar irin wannan ƙorafi, ku ajiye lambarsa a wayarki da tata.