Amsar Yaya ga Auta kan jirin da ke kama ta a lacca

Assalamu alaikum 'yan gida, ina wuninku, ya gajiya. Auta, na ji saƙonki tun da rana, ina bakin aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Yanzu na idar da la'asar na ce bari in yi miki murya a nan cikin guruf, don na san ba ke kaɗai ba ce, su yaran Baba Ƙarami da ke jami'a su ma su saurara.

Kin ce kullum wajen ƙarfe sha ɗaya kina zaune a lacca sai jiri ya kama ki, ido na rufewa, ga ciwon kai, kina tambaya wane maganin ƙarin jini za ki saya. To tsaya tukuna. Ran da na zo ɗakinku na buɗe lokarki, me na gani? Katan ɗin Indomie, garin kwaki a bokiti, sukari, ganyen shayi, sai wani burodi da ya fara bushewa. Shi ke nan fa. Kuma da bakinki kika ce min in kina da lacca ta ƙarfe takwas ba kya karyawa, sai kin dawo. Yo ina jiri ba zai kama ki ba, Auta?

Ki gane, gari da taliya da farar shinkafa da burodi duk 'yan gida ɗaya ne. Suna ɗaga ki da sauri, bayan ɗan lokaci su sake ki, yunwa ta dawo sabuwa fil. Ni ban ce ki daina cinsu ba, na san halin aljihun ɗalibi, ni ma na sha gari har na gode Allah. Abin da nake so, kada su shiga cikinki su kaɗai. In gari za ki jiƙa, daka ƙuli-ƙuli ki zuba, ko gyaɗa, ki rage sukarin. In Indomie ce, fasa ƙwai ɗaya, ki yanka kabeji da karas da albasa. Ƙwai ɗaya yana da furotin wajen giram 6, kuma shi ke riƙe ciki. Sannan wannan 'yar ledar ɗanɗanon da ke ciki, zuba rabi ya isa, gishiri ne ya yi yawa a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule.

Amma babban abin da zan nanata miki shi ne wake. Wallahi ɗalibi ba shi da gata kamar wake. Garau-garau ɗin nan da kuke rainawa, in wake ya rinjayi shinkafa, aka sa ɗan mai da yaji da latas da tumatir, abinci ne cikakke. Na san za ki ce yana cin gas. Ki jiƙa shi da daddare kafin ki kwanta, da safe ki zubar da ruwan ki ɗora, za ki ga ya nuna da wuri, kumburin cikin ma ya ragu. Ranar da ba lokacin girki, ai ba a rasa mai ƙosai ko alale ko awara a bakin hostel. Ƙosai da koko kafin ki shiga aji ya fi miki fita da ciki wayam sau dubu.

Sai maganar jinin da kika yi. Gaskiya ne mu mata mun fi buƙatar sinadarin ƙarfe saboda al'ada, ana lissafa mana wajen miligiram 18 a rana, namiji kuwa 8. Yana cikin hanta, nama, kifi, wake, da ganye irin su zogale da alayyahu. Ga inda kuke kuskure: a ci abinci a kora da shayi mai kauri nan take. Shayi yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Ki bar tazarar awa ɗaya tsakaninsu. Maimakonsa ki ci gwaiba, ko ki sha lemon zaƙi, ko ki matsa lemon tsami a kwaɗon zogalenki, su suna taimaka wa jiki ya ɗauka. Kwaɗon zogale kuwa, Mama tana da busasshe buhu guda a ɗaki, ba mai taɓawa sai ni.

Lemon kwalba kuma, mai rabin litar nan, sukarin da ke ciki yana iya kai ƙaramin cokali goma. Kuɗinsa ki sayi ayaba ko yankan kankana, ki sha ruwa. Da masu shan kofi da lemon ƙarin kuzari don karatun dare, ku yaran Baba Ƙarami da ku nake, abin yana daɗewa a jiki awanni, barci ya lalace, gobe a shiga jarrabawa kai na sarawa.

Duk da haka Auta, kada ki sayi maganin jini da ka. Gobe in Allah Ya kai mu ki je asibitin makaranta a auna jininki, a duba zazzaɓin cizon sauro ma, ki ɗauki hoton sakamakon ki turo min ni kaɗai. Ranar Asabar kuma zan ba direba wake kwano biyu da ƙuli-ƙuli da zogalen Mama ya kawo miki, ki bar wayarki a kunne don kada ya yi ta bulayi a bakin get. Ki gaida 'yan ɗakinku.