Tof gasket ɗin Fijo 504 da ke ta ƙonewa: laifin kauri ne?

Tambaya: Ina da Fijo 504 mai fetur da na gada wurin mahaifina. Sau biyu ana kai tof silinda, wato murfin saman injin, wurin masu gurza saboda zafi ya lanƙwasa shi. Mun sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof da jikin inji, ko wata biyu bai yi ba ruwa ya koma haɗuwa da baƙin mai. Bakanikena ya ce gasket ɗin yanzu ba su da kauri irin na da, mu nemo mai kauri, in ba a samu ba mu haɗa biyu. Shin wannan shawara za ta fisshe ni? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Maganar haɗa gasket biyu kam a ajiye ta gefe. A bakin kowane ramin silinda na gasket akwai zoben ƙarfe da ke tare wutar silinda, kuma an yi shi ne don ya matsu tsakanin ƙarafa biyu masu tauri. In ka ɗora wani a kan wani, laushi ya haɗu da laushi, wuta za ta samu hanya ta tsakaninsu. Mota za ta tashi, ta kai ka gida, amma ba da jimawa ba za a sake kwance ta.

Batun kauri kuwa, bakanikenka yana da 'yar gaskiya, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba.

Injin 504 mai cc 1971, wanda aka fi sani da XN1, irin wanda kamfanin PAN ya yi ta haɗawa a Kaduna tun daga 1975, bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, tof ɗinsa na alminiyam. Fistin ba ya gudu a jikin bulok kai tsaye. Yana gudu ne a cikin silib guda huɗu da ake zurawa a zare, ruwan lagireto na zagaye su. Kowane silib dole bakinsa ya ɗan ɗara saman bulok da abin da bai wuce kimanin milimita 0.1 ba, wato kusan kaurin takardar littafi. Wannan 'yar ɗarawar ita ce ke cizon zoben gasket idan aka ɗaure tof. A gindin silib akwai siririn gasket da yake zama a kai, wanda ke zuwa da kauri daban-daban, da shi ake daidaita tsayin. Idan tsatsa ta ci mazaunin silib, ko aka mayar da shi a kan tsohon gasket ɗin gindi, sai ya nutse. Silib ɗaya ya nutse, to ko gasket na zinariya ka sa ba zai riƙe ba. Mai kauri ma ya fi saurin ba da kai, domin naman da wuta za ta ci ya ƙaru.

Ga kuma wani abu da ke faruwa a gareji kullum. An cire tof, yaron shago ya kama injin ya juya don ya ga yadda fistin ke hawa da sauka. Fistin na hawa sai ya ɗago silib daga mazauninsa, ƙasa da tsatsa su faɗa ƙarƙashi, hatimin gindi ya karye. Daga ranar ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin baƙin mai ba tare da ya bi ta tof gasket ba sam. Tunda abin da ka gani shi ne ruwa a cikin mai, nan nake fara zargi. Shi ya sa ake danne silib da manyan wasa, wato faifan ƙarfe masu huda, da noti da zarar an buɗe, kuma shi ya sa ake girgiza tof gefe da gefe ya saki kafin a ɗaga shi, ba a fizgo shi sama kai tsaye ba.

Saboda haka kafin ka sayi komai, a yi awo. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bakin silib, a zura fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, tsakaninsa da bulok, a auna kowane silib ta ɓangarori huɗu. Ana so su ɗara, kuma kada maƙwabta biyu su bambanta sosai. A kifa tof ɗin a yi masa irin wannan awo a tsaye, a kwance da kuma a karkace. Gurzar da aka yi da dutsen hannu ko a kan siminti ba gurza ba ce. A kuma duba tsaga tsakanin mazaunin bawul, domin tof da ya sha zafi har sau biyu yana iya tsagewa.

To ina amfanin mai kauri? Amfaninsa ɗaya ne, mayar da ƙarfen da aka gurje. Faɗin silindar wannan inji milimita 88 ne, kowace tana ɗaukar kusan cc 493. Idan jimillar abin da aka cire daga tof ya kai rabin milimita, ɗakin ƙonewa ya ragu da kimanin cc 3. Injin da ma'aunin matsin silindarsa yake 8.8 zai haura zuwa wajen 9.2. A takarda ƙaramin abu ne, amma da zafin watan Afrilu da fetur ɗin da ba ka san asalinsa ba, za ka ji injin na ƙwanƙwasa in ka taka a hawa, wannan ƙwanƙwasar kuma ita kanta tana cin gasket. A nan ne gasket ɗin gyara, wanda ya ɗara na asali da daidai abin da aka cire, yake da hujja. Kenan sai an auna tsayin tof an gwada da abin da littafin injin ya faɗa. In an wuce iyakar da littafin ya yarda, kuɗin gasket gara a tara su a nemi wani tof ɗin.

Wani tarkon yana kasuwa. Akwai 504 mai cc 1796, faɗin silindarta milimita 84. Gasket ɗinta a ido kamar ɗaya suke da naka. In aka sa shi a injin 88, zoben zai leƙo cikin silinda, wuta ta yi ta dukansa har ya ƙone. Ko a Panteka ta Kaduna za ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, tafi da tsohon, ka ɗora sabon a kai, ka duba faɗin ramuka da ƙofofin ruwa da ta mai ɗaya bayan ɗaya. Kada a gwada kaurin sabo da na tsoho da yatsa, tsohon ya riga ya matsu. Abin lissafi shi ne kaurinsa bayan an ɗaure.

Wajen ɗauri, fuskokin biyu su zama tsaf, a bushe, ba gam ba giris. Gefen da aka rubuta TOP ko DESSUS ya kalli sama. A share ramukan kusoshi, domin ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana sa kusa ta yi tauri alhali ba ta danne komai ba. Kusoshi goma ne, ana farawa daga tsakiya a fita waje, mataki-mataki, da sifana mai awo, ba da bututu da ƙarfin damtse ba. Bayan nan a sake saita bawul injin na sanyi, milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita, tunda gurza da sabon gasket duk suna canza tazarar. In gasket ɗin irin na da ne mai son a sake ɗaure shi bayan an ɗan yi tafiya, a koma a yi, a kuma sake duba bawul.

Sannan a nemo abin da ya fara kawo zafin tun asali: lagireto da ya toshe, famfon ruwa, bel ɗin fanka, ko murfin da ba ya riƙe matsi. Ruwan rijiya zalla da ake ɗurawa shi ke cin alminiyam da mazaunin silib, don haka a riƙa haɗawa da ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa.