Na'urar auna zurfin ruwa a jirgin ruwa mai tafiya da iska: wacce ta dace, a ina ake ɗaura ta?

Tambaya: Ina da jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa mita 9, jikinsa na faibagilas. Ina son sa masa na'urar auna zurfi, amma ba na son a huda jirgin. Wacce zan saya, kuma yaya ake ɗaura ta?

Amsa: Malam, na'urar nan kashi biyu ce: allon da ke nuna lamba, da tiransidusa wadda ke aika sauti zuwa ƙasan ruwa ta jira amsa-kuwwa. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, da wannan na'urar ke lissafa zurfi. Don haka duk abin da ya shiga tsakanin tiransidusa da ruwa, musamman iska, zai ɓata lissafin.

Batun allo ba ya buƙatar dogon tunani. Kai ba kifi kake nema ba, so kake ka san ko gindin jirginka zai taɓa ƙasa. Mai aiki da kilohaz 200 (ma'aunin saurin kaɗawar sautin da take aikawa) ta ishe ka. Ta kilohaz 50 da ta CHIRP, mai aika sauti a kilohaz daban-daban a jere, sun fi amfanar masunta da masu shiga ruwa mai zurfi sosai. In kana da wasu na'urori a jirgin, nemi wadda ke haɗuwa da su ta NMEA 2000, wato tsarin da na'urorin jirgi ke musayar bayanai da shi.

Irin tiransidusar da ake liƙawa a bayan jirgi, manta da ita. Ta ƙananan jiragen inji ce. Jirgin iska yana karkata, sai ta riƙa fita daga ruwa.

Wadda ba ta buƙatar huji ita ce ake mannawa daga ciki, sautin ya ratsa jikin jirgin. Sharaɗinta shi ne wurin ya zama faibagilas zalla. In akwai katakon balsa marar nauyi ko soso a tsakiyar bangon jirgin, sautin ba zai wuce ba, haka ma jirgin katako ko na ƙarfe. Tana rage ƙarfin sauti kaɗan, amma a ruwa marar zurfi, inda haɗarin yake, ba za ka ga bambanci ba.

Kafin ka manna komai, gwada wurin. Cika leda da ruwa, jiƙa wurin, ɗora ledar, ka danna tiransidusa a kanta jirgin yana kan ruwa. Zaɓi gaban ƙashin jirgi, wato nauyin nan da ke rataye a ƙarƙashi, ka ɗan kauce gefe don kada ya tare sautin, nesa da inji da inda ruwa ke kumfa. Gwada jirgin yana tsaye, ka sake gwadawa yana tafiya a karkace ta dama da ta hagu. Masu gaggawa a nan suke yin kuskure. In lamba ta tsaya daram, goge wurin, ka manna da gam ɗin efoksi ba tare da kumfar iska ko ɗaya ba, ko ka yi amfani da ɗan mazubin da ake cikawa da ruwan da kamfanin ya faɗa. Fuskar tiransidusar ta kalli ƙasa sak. Kada ka yanke wayarta. Naɗe ragowar, ka nisanta ta da wayoyin inji da na rediyo.

In gwajin ya ƙi, sai huji. A fitar da jirgin daga ruwa, a sa abin toshe ɗiga na ƙarƙashin ruwa, a ɗaure turken katako na toshe hujin kusa da wurin don ko-ta-kwana. Tiransidusa mai jikin roba ko mai jikin tagulla duk suna yi a faibagilas, amma ba a sa tagulla a jirgin alminiyom, ba a sa roba a na katako.

Saura saiti. Na'urar daga inda tiransidusa take take aunawa, alhali ƙashin jirgin ya fi ta nutsewa. Auna tazarar, ka shigar da ita yadda sifili zai zama ƙasan ƙashin. Sannan ka jefa igiya mai dalma a wuri marar zurfi ka kwatanta, ka saita ƙararrawa a mita 1 ko 2.