Yaya ake rufe gwangwani ba walda?

Tambaya: Malam, ina da shago a Jidda, kullum ina jera gwangwanayen waken ful da tumatir. Me ke riƙe murfin, ga shi ba walda? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, kalmasa ce kawai. A injin rufe gwangwani, wani faifai yana ɗaga gwangwanin ya manna shi da ƙarfen da ke danne murfi ta sama. Sai ƙaramar tayar ƙarfe mai zurfin kwari ta zagaya, ta naɗe leɓen murfi ƙarƙashin leɓen gwangwani, su sarƙe. Ta biyu kwarinta ba zurfi, aikinta matsewa. Ka yanka bakin ka duba da kyau, ninki 5 za ka gani, 3 na murfi, 2 na jiki, da ɗan gam mai kamar roba da ke toshe kafar iska.

Saitin tazarar da ke tsakanin tayoyin nan da ƙarfen da ke danne murfi ne ke burge ni. In ya yi sako-sako ƙwayoyin cuta su shiga, in ya matse da yawa ƙarfen ya tsage. Shi ya sa nake roƙonka, gwangwanin da ya lotse a bakin, ko ya kumbura, kada ka sayar wa kowa.